Tafintan Mai Tsani

A zauren Ilu Mai Batir, can Sankara,
in an idar da isha'i,
akan yaye tsumman da ya rufe akwatin baƙi-da-fari,
a ɗaura masa batirin tsohuwar tifa.
Babba sule, yaro sisi,
marar ko ƙwandala ya leƙa ta tsagar ƙyaure.

Cikin akwatin wani dogon Bature ke zaune,
ɗan Ingila, in ji hedimasta.
Wuya kamar na zalɓe,
wando ya yi faɗa da idon sawu,
kullum da tsani a kafaɗa.
Sunansa ya gagari harshenmu,
sai muka raɗa masa Mai Tsani.

In ya juya hagu, tsani ya kwashe ɗan sanda.
In ya waiwayo ba da haƙuri,
ya kwashe uwar gida da farantin ƙwai.
In ya sunkuya tsince ƙwan,
to, sai dai taga ta yi haƙuri.

Lasifikar akwatin ta mutu tun bara waccan,
sai huci take kamar kububuwa.
Don haka babana Jatau
yakan ja turmi ya zauna gefe,
ya gyara murya, ya ara wa Baturen baki.
Turancinsa duka bai wuce na awon gyaɗa ba.

A bakin babana ne Mai Tsani
ya ci bashin ƙosan Tabawa har sule uku,
ya san kuɗin tiyar gero a kasuwar Ringim,
ya yi kukan gwazarma ta cinye masa dankali.
Ran da ɗan sanda ya shaƙe masa wuyan riga
ya ce, murya na rawa:
"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne, tsanin ne."

Liman da ya zo hana mu
ya tsaya bakin ƙofa, carbi a hannu,
kafaɗunsa na girgiza a cikin duhu.
Tabawa kuwa ta rantse
sai Baturen nan ya biya ta kafin kaka.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan.
Zauren ya zama shagon cajin waya.
Turmin ya tsage, an hura wuta da shi.
Babana na kwance gabas da gari,
ƙarƙashin aduwa.

Jiya ɗan ƙanwata Maikuɗi
ya miƙo mini waya: "Kawu, ba mutuminku ba ne?"
Shi ne. Wuyan, wandon, tsanin.
Karon farko na ji muryarsa ta gaske,
siririya, ta hanci take fita,
wasu mutane da ba a gani suna yi masa dariya a kan ƙa'ida.
Na yi boko, na ji abin da yake faɗi:
ruwa zai sauko, shayi ya huce.
Ba ƙosai, ba gero,
bai ma san ana bin sa bashi ba.

An ce shi ma ya daɗe da mutuwa,
a wani gida bakin teku.
Bai taɓa jin labarin abokin sana'arsa ba,
wanda ya yi masa damina bakwai yana magana
ladansa goro ɗaya da zama kyauta.

Na kashe sautin.
Yara suka matso, suna kallon bakina.
Na gyara murya irin tasa,
na buɗe baki,
ba abin da ya fito sai iska.

Can sai ƙaramar jikata Kyauta,
wadda ba ta san zaure ba, ba ta san turmi ba,
ta yi tuntuɓe da kwanon kunu.
Ta dubi kunun yana bin tabarma,
ta dubi uwarta,
ta ɗaga hannu biyu ta ce:
"Ba ni ba ce, tsanin ne."